Kurfoti da Rana Tsaka

Ginshiƙin ne ya fara ɓata wa Auta rai. Da safe ya iso filin jirgi ya tarar da birkila a bakin ƙofa, ya haƙa rami, ya kafa rodi, yana kwaɓa siminti yana fito. Ba wanda ya gaya masa na mene ne, shi ma bai tambaya ba. Faɗin kan ginshiƙin daidai yake da cikin jirginsa. Wanda ya daɗe kwance a ƙarƙashin cikin nan da sifana a hannu ba sai an auna masa ba.

Jirgin dai a takarda ba nasa ba ne, na ƙungiyar matuƙan filin ne. Ƙarami ne, kujera biyu, farfela ɗaya a goshi. Shekara da shekaru yana yashe a bayan rumfar jirage, tayoyi sun sace, tattabaru sun mai da shi gida. Auta, da ke koyar da tuƙi a ƙungiyar, ya roƙa a ba shi ya tashe shi. Aka ba shi ana dariya. Ya jawo Kawu, ƙanin mahaifiyarsa da ya riƙe shi tun yana ƙarami, tsohon mai gyaran bodin mota. Suka raba aiki: Auta inji da wayoyi, Kawu jiki. Murfin injin na asali ya riga ya ruɓe, sai Kawu ya buga sabo da hannu, da gudumar katako, a kan buhun yashi. Ya fente shi ja daga waje, fari tas daga ciki, har lungun da ido ba ya kaiwa. Yana gamawa hannunsa ya fara rawa irin ta tsufa. Kowa ya san ba zai sake buga wani ba.

Jirgi ya tashi. Da sanyin safiya lafiya lau, kamar ba shi ya taɓa kwana da tattabaru ba. Amma da zarar rana ta take, kafin ya gama hawa allurar agogon zafi ta kai ja, dole a rage wuta a sauko. Mutanen filin suka sa masa suna Kurfoti, wato murhun gawayi.

Manaja ya fito daga ofis da sanyin na'ura a jikin rigarsa, ya same shi a bakin rumfa.

"Malam Auta, ka ga aikin birkila?"

"Na gani, yallaɓai."

"Kwamiti ya zauna. Jirgin da ba ya aiki sai da asuba ba jirgin koyarwa ba ne, zakara ne. Ɗalibanmu da rana suke zuwa. Ranar Asabar Injiniya za ta zo duba jirage, za ta hau da kai bayan azahar. Allura ta taɓa ja, a cire inji, a ɗora shi can bakin ƙofa. Zai yi kyau ma. Kawunka ya iya fenti, gara jama'a su gani."

"In ba ta taɓa ba fa?"

"Sai mu dasa fulawa a kan ginshiƙin."

"Ba za a ɗora shi ba."

Manaja ya yi murmushi, ya nuna rana da makullin motarsa. "Ba da ni kake yi ba. Da waccan kake yi."

Injin Kurfoti ba ya shan ruwa. Ba shi da lagireto, abin da Kawu har yau bai yafe wa waɗanda suka ƙera shi ba. Iska ce kawai ke sanyaya shi. Tana shiga ta ƙofofi biyu a gaban murfi, kamar hanci, ta taru a saman inji. Kewaye da injin akwai leɓen baƙar roba da ke miƙewa ya manne da cikin murfi, ya tsare ta. Da ta rasa hanya, sai ta kutsa ƙasa ta tsakanin haƙarƙarin silinda, ta kwashi zafi, ta fita ta ƙarƙashi. Auta da kansa ya yanka robar ya ɗaura, sabuwa dal.

Ba abin da bai gwada ba a kwanakin nan. Ya canja baƙin mai. Ya bi haƙarƙarin silinda ɗaya bayan ɗaya da burushi. Ya cire filogi ya duba launinsu. Ya tsoma bakin wayar agogon a tafasasshen ruwa ko zai kama allura da ƙarya, ya ga gaskiyarta take faɗa. Duk sanda ya gama, Kawu ya karɓe sukudireba ya rufe murfi. Wannan doka ce tun ranar farko: kowa na iya buɗewa, amma ba hannun da ke rufewa sai nasa. Auta ya tashi da rana, allura ta hau, ya sauko rigarsa jiƙe, 'yan rumfa suna tambayarsa ko ruwan shayi ya tafasa.

Ana gobe Asabar, Kawu ya zauna a kan tsohuwar taya yana fifita da kwali, ya ce, "Ɗan nan, wayar nan ta agogo, a wace silinda take?"

"Ta baya. Ita ta fi zafi."

"To mai da ta ta gaba mana, inda iska ke dukanta. Matar nan allura za ta kalla, ba hannu za ta sa ba."

"A'a."

"Mu a gareji..."

"Mota in ta yi zafi gefen titi ake tsayawa, Kawu. Can sama ina gefen yake? Kuma ɗalibi zan ɗora a ciki."

"Wai ni za ka koya wa tsoron Allah."

A ɗaya gefen rumfar, makanikan ƙungiya sun sauke murfin babban jirgin koyarwa, sun kifar da shi a kan benci. Kawu ya miƙe, ya je ya leƙa, don bai taɓa wuce aikin wani bai yi masa tsiya ba. A cikin murfin wani baƙin layi ya zagaye, kauri kamar yatsa, inda roba ta daɗe tana gogar ƙarfe.

"Zo ka ga ƙazanta," in ji Kawu. "Kamar gindin tukunya. Ka taɓa ganin wannan a nawa?"

Auta ya zo ya tsaya. Bai taɓa gani ba. Cikin nasu fari ne kamar farantin asibiti.

"Dabara ce," in ji Kawu, yana ɗaga murya don makanikan su ji. "Robar taka tana son cin fenti. Duk sanda zan rufe sai in bi ta da yatsa in kwantar da ita baya, ta yi ladabi. Ko taɓa murfin ba ta yi."

Ɗaya daga cikin makanikan ya buɗe baki, ya dubi furfurar Kawu, ya rufe. Auta ya juya. Ya koma wurin Kurfoti, ya ɗauki tocila, ya haska ta hancin murfi. Ga ta nan. Robar a kwance, ta juya baya, tsakaninta da murfi hannu zai shige. Iska na shiga ta gaba, ta tsallake inji, ta fice abinta ba ta gaisa da kowa ba.

Ya jira har makanikan suka fita cin abinci. Ba zai yi wa Kawu magana a gabansu ba.

"Kawu, baƙin layin nan shi ne aikin. In roba ba ta ci fenti ba, iska ba ta bi ta inji ba."

"Wato ni na dafa maka jirgi."

"Ban ce ba."

"Ka ce. Da ladabi ka faɗa, amma ka ce."

"Gobe ni zan rufe."

Kawu ya dube shi. Sannan ya ɗauki sukudireba, ya kwance murfin sama da hannunsa mai rawa, ya naɗe shi a bargon da suke shimfiɗawa a ƙarƙashin jirgi, ya fita da shi ya tare mota. Auta ya tsaya da tocila a kunne a hannunsa, inji tsirara a gabansa. Ba murfi, ba gwaji.

Da yamma a gida Kawu bai fito cin abinci ba. Matar Auta ta kai masa ɗaki, ta dawo da kwanon a rufe.

"Ya kwantar da ƙarfen a kan gado, shi yana kan kujera," ta ce. "Na ce Kawu ko in kawo wa baƙon naka filo. Ko murmushi. Me ka yi masa?"

"Gaskiya na gaya masa."

"Kai ma dai. Ba ka iya jiƙa ta kafin ka miƙa ba?"

Washegari da hantsi Auta ya yi sallama a ƙofar ɗakin Kawu. Tun yana yaro bai taɓa shiga ɗakin nan ba sai an ce ya shigo. Ba a ce ba. Ya shiga. Ɗakin na warin man goge fenti, gudumomin katako jere a kan taga, manya zuwa ƙanana. Murfin na kan gado, ja yana ƙyalli.

"Kawu, zan ɗauka."

"Ka san abin da na kwana ina tunani?" Kawu bai dube shi ba. "Ginshiƙin nan ba abin kunya ba ne. Duk wanda ya shigo filin, aikina zai fara gani. Ba mai, ba hayaƙi, ba roba. Kuma ban taɓa jin ginshiƙi ya faɗo da ɗan kowa ba. Uwarka ta bar min kai, ba ta bar min jirgi ba."

Wannan ta shige shi. Amma ya tuna ranar da Kawu ya ƙone yatsa wajen gyara bakin murfin, wai kada iska ta sami abin kamawa, ya ƙi a ɗaure yatsan sai da ya gama.

"Ba don a kalla ka buga shi ba. Da don kallo ne da ba ka auna iska ba."

"Kar ka gaya min abin da na buga."

Auta ya sunkuya, ya naɗe bargon, ya rungumi murfin. Kawu bai hana shi ba, bai kuma ce a sauka lafiya ba.

Rana ta take sosai kafin Injiniya ta gama da sauran jirage ta iso kan Kurfoti. Mace ce gajeriya mai farin gilashi, ba ta da yawan magana. Ta zagaye injin, ta bi wayoyi da yatsa, ta ja robar ta saki, ta koma inuwar fiffike ta tsaya. Kwalta na tururi. Har tsuntsaye sun ɓuya.

Auta ya ɗora murfin. Ya zura hannu ta hanci har kafaɗa, ya bi robar yana miƙar da ita, bakinta na kallon gaba da sama, yadda iska in ta turo za ta ƙara manne ta da ƙarfe. Sai ramukan noti suka ƙi haɗuwa. Ya danna dama, hagu ta ɗaga. Ya danna hagu, dama ta zame. Ƙarfen bugun hannu ne, mai shi kaɗai ya san halinsa. Gumi na shiga masa ido. 'Yan rumfa sun jeru a inuwa, Manaja a gaba, hannu a aljihu.

"Gwiwa za ka sa ta hagu, sakarai. Sannan ka fara da na tsakiya."

Kawu ne, a bayansa, da hular fita da takalmin gida. Bai matso ba, bai miƙa hannu ba. Auta ya sa gwiwa. Murfin ya faɗa mazauninsa da 'yar ƙara, ramuka suka haɗu.

"Sannu, Baba," in ji Injiniya. "Kai ka buga wannan?"

"Ni na buga. Shi zai ɓata."

Suka shiga, suka ɗaura bel. Cikin jirgin kamar an rufe su a tukunya. Auta ya tayar da inji, ya gangara bakin titin tashi ba ɓata lokaci, don a ƙasa farfela kaɗai ke ba inji iska, kuma ba ta isa. Yana isa, murya ta shigo rediyo: ya dakata, akwai jirgi biyu da za su sauka, Manaja ya ce a ba su hanya. Auta ya duba sama. Na farkon ma ɗigo ne can nesa. Allura ta riga ta fara motsi.

Ya juya hancin jirgi ya fuskanci iska, ya kashe inji. Farfela ta tsaya cak.

Rediyo ya ce, "Kurfoti, lafiya?"

"Lafiya lau. A gaya wa yallaɓai ba zan dafa shi a ƙasa ba. In sun sauka a kira ni."

Injiniya ta buɗe 'yar tagarta, ta goge gilashi da bakin mayafi.

Da aka ba su hanya ya tayar, ya tura totur har ƙarshe, ya buɗe wa inji mai gaba ɗaya, don mai ma yana rage zafi. Jirgin ya yi gudu mai tsawo kafin ya yarda ya bar ƙasa. Iskar zafi ba ta da ƙarfi, fiffike na kama ta kamar ana damƙar auduga. Suka wuce saman ƙofa. Auta ya ga ginshiƙin a ƙasa, fari, tsaye, yana jira.

Allura ta bar tsakiyar kore ta kama hanya.

"Kai ni inda kake koyar da ɗalibai," in ji Injiniya.

Jikin Auta na ce masa ya ja sandar tuƙi, ya hau da sauri, a gama. Nan ne jirgi ke rage gudu, iska ta ragu a hanci, inji na aiki iya ƙarfinsa. Ya ƙi. Ya sunkuyar da hancin kaɗan, gudu ya ƙaru, hawa ya ragu. Rufin gidaje ya daɗe bai ƙanƙance ba.

"Kana hawa kamar tsohuwa a matakala."

"Cewa kika yi in kai ki. Ba ki ce yaushe ba."

Allura ta kai ƙarshen kore. Nan take wucewa kullum ba ta waiwaye. Auta ya daina kallon komai sai ita da sararin gabansa. Gumi ya bi ta bayan kunnensa ya gangara wuya. Ta matsa. Ta ƙara matsawa. Tsakaninta da ja bai fi kaurin farce ba. Ya ƙara sunkuyar da hanci ƙiris, ya riƙe, haƙoransa a datse. A ransa yake ce mata, ba inda za ki.

Ta yi rawa a wurin. Ta tsaya.

Injiniya ta miƙa biro ta ƙwanƙwasa gilashin agogon, ko allurar ta maƙale. Ba ta maƙale ba. Suka ci gaba da hawa a hankali, iskar da ke shigowa ta taga ta fara sanyi. Da suka kai, ya daidaita jirgi ya rage totur, allura ta ja da baya kamar wadda aka kora, ta koma cikin kore ta zauna.

"Wayar tana silinda ta baya," in ji Auta. "In mun sauka ki duba."

"Na duba tun kafin in hau. Da a ta gaba na same ta, da yanzu ina gida." Ta rufe biron. "Sake hawa. Sau ɗaya sa'a ce."

Ya sauko ƙasa-ƙasa inda zafi yake, ya sake hawa. Allura ta je wurin ɗazu, ta tsaya a wurin ɗazu.

Da suka sauka Manaja na bakin rumfa. Injiniya ta fito tana gyara mayafi.

"Ba ta taɓa ba," ta ce. "Amma ta matsa fiye da yadda nake so. Akwai inda iska ke zurarewa har yanzu. A gyara kafin a ɗora ɗalibi, zan dawo in gani."

"Wato dai da ƙyar," in ji Manaja.

"Allura ta taɓa ja, haka ka ce, yallaɓai," in ji Auta. "Fulawa kuma ka ce. In ba a samu ba, motarka za ta hau ginshiƙin, na duba faɗin."

Wani a cikin 'yan rumfa ya tuntsire, ya mai da ita tari. Manaja ya juya ya nufi ofis.

Sai da inji ya huce Auta ya kwance murfin, ya kifar da shi a kan bargo. Ga shi nan. Baƙin layi, siriri, sabo, ya zagaye farin fentin kamar an ja da gawayi. Kawu ya matso. Ya zaro tsumma daga aljihu, tsumman da yake goge murfin da shi kullum. Auta ya zuba wa hannun ido, ya shirya riƙe shi in ta kama, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa.

Kawu ya durƙusa da ƙyar. Ya ɗora babban yatsa a kan layin, ya bi shi a hankali, ta gaba, ta gefe, har kusurwar baya ta dama. Nan layin ya yanke. Fari tas, tsawon tafin hannu, sannan ya ci gaba.

"Wa ya yanka robar nan?"

"Ni."

"Da ido a rufe? Dubi nan, ko taɓawa ba ta yi ba. Ta nan iskar taka ke guduwa." Ya goge yatsansa da tsumman, ya mai da shi aljihu. "In za a ɓata min aiki, a ɓata shi daidai. Ina sauran robar?"

"Tana akwati."

"To me kake jira? Ɗauko. Kai za ka riƙe almakashi, ni zan nuna maka inda za ka bi."